Wa Ya Ce Akurki Ƙauyanci Ne a Tamanrasset?

Akwai wata magana da ta kama bakin mutanenmu mazauna Tamanrasset, musamman waɗanda ƙafarsu ta ɗan kafu, suka sami ɗakin siminti da firji: wai kiwon kaji a cikin gida ƙauyanci ne. Mace ta zo daga Kance ko Matamaye ko Tawa, ta ce za ta kafa akurki a lungun tsakar gida, sai a tare ta da dariya. "Haba yaya, nan fa ba ƙauyenku ba ne. Ga kaza can a shago an fige an wanke, me za ki yi da wari?" Masu wannan magana suna ganin wayewa suke nunawa. Ni kuwa ban ga komai a cikinta ba sai rashin lissafi.

Mu duba inda garin yake tukuna. Daga Aljiyas zuwa Tamanrasset kusan kilomita 2,000 ne, ta Ghardaia da In Salah da kwazazzaben Arak. Daga nan zuwa In Guezzam, bakin iyakar Nijar, wasu 400 ne. Ruwan famfon da ake sha ma turo shi ake yi ta bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750, tun 2011. Garin da ruwan shansa baƙo ne, ina ga abin miya? Yawancin abin da ke shiga tukunya a bayan babbar mota yake zuwa, kuma in kwari ya kawo ruwa ya yanke hanya, kasuwa ce ke fara sanarwa kafin rediyo.

Kazar shagon da ake mana alfahari da ita ta fi kowa dogon tarihi. Kiwon kajin gidan gona a Aljeriya ya dogara ne kan masara da waken suya da ake shigowa da su ta jirgin ruwa, akasari daga Ajantina da Burazil. Ko da an yi kiwon kazar a wata gona bayan gari, abincinta sai ya ƙetare teku, ya sauka a tashar jirgi, ya bi ta injin niƙa, sannan ya ratso hamada. Kowane zango da nasa kuɗin, kuma mai cefane ne ke biya. Da farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo a duniya a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, sai da zafin ya iso har kan kiret ɗin ƙwai. Wanda abincin yaransa ke rataye da kasuwar masarar Ajantina, shi ne yake yi wa mai kaza huɗu dariya.

Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki. A ƙasar nan burodi yana da tallafin gwamnati, dinari goma ake sayen sanda guda, alkamarsa kuwa mafi yawanta daga waje ake sayowa. Arharsa ta sa ake sayen fiye da buƙata, in ya kwana ya bushe ya zama kamar icce. Mutanen ƙasar suna jin nauyin haɗa shi da shara, don ni'imar Allah ce, sai su ƙulle shi a leda su rataye a jikin bango ko su ajiye a gefen kwandon shara. Bi unguwannin Tahaggart ko Guetaa el Oued da safe ka ƙirga ledojin. Masu tumaki sun daɗe da gane amfaninsu, har saye suke yi. Matar da ke da akurki takan ɗauko busasshen burodin nan, ta zaɓe wanda ya yi funfuna ta yar, ta jiƙa sauran a kwano, ta matse ruwan da hannu, ta cuɗa da dusa da ragowar kuskus ko taliyar jiya da ɓawon kayan miya. Ɓawon ƙwan da aka soya da safe ba ta zubar da shi: sai ta gasa shi a kasko, ta daka, ta barbaɗa a ciki, don ƙwan gobe ya yi ƙwarin ɓawo. Kafin azahar ta ɗaga buhun da ta rufe kwandon saƙa da shi, ta tarar da ƙwai biyu ko uku da ɗuminsu. Abin da maƙwabci ya rataye a bango shi ne ya koma abin karin kumallon yaranta.

Kada a ce na yi wa kaza kirarin da ba nata ba. Burodi kaɗai ba ya riƙe ta. In babu ɗan abinci mai gina jiki, ko hatsi ko abincin kaji na saye kaɗan, saƙa za ta ja baya. Kazar Hausa ta gida ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, don tana ɓata lokaci wurin kwanci da rainon 'yan tsaki. Mai son ƙwai ya nemi irin na gidan gona masu saƙa, waɗanda kan ba da kamar biyar a mako in sun ƙoshi. Mai son garke ya ƙaru kuwa ya riƙe ta gida, kwana 21 ta ƙyanƙyashe masa ba inji ba lantarki. Mai dabara yana haɗa su biyun.

Wurin ma ya dace da kiwon fiye da yadda ake zato. Tamanrasset tana kan tudun Ahaggar, sama da mita 1,300 daga doron teku, don haka zafinta bai kama ƙafar na In Salah ba, inda bazara ke haura digiri 45. Kaza ba ta jure tsananin zafi, amma a nan inuwar rumfa da iska sun ishe ta, sai a kare ta daga sanyin daren hunturu. Ruwan da take sha a yini bai fi rabin lita ba ko da ana zafi. A garin da ake auna ruwa da jarka, wace dabba ce ta fi wannan sauƙin riƙo?

To, sai ƙorafe-ƙorafen. Wari: kashin kaji yana wari ne in ya jiƙe, nan kuwa iska busasshiya ce. A zuba yashi a ƙasan akurki, a share sau biyu a mako, a tara a buhu. Masu lambu a bakin kwari ba za su ƙi taki ba. Hayaniya: zakara ne mai cara, kuma kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai in ƙyanƙyasa ake so. Abin dariyar shi ne, mutumin da ke toshe hanci saboda kaza uku, shi ne zai ɗaure rago a tsakar gida makonni kafin Babbar Sallah, da kukansa da fitsarinsa, ya kira maƙwabta su zo su gani. Ba wanda ya taɓa ce masa baƙauye. Ashe ba wari ne damuwar ba. Rago na maigida ne, kaza kuwa ta mata ce, shi ya sa ake raina ta.

Batun cuta ya fi nauyi, kuma ba na wasa da shi. Sai dai a tuna, da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara bayyana a Afirka a Fabrairun 2006, a wata babbar gonar kasuwanci aka tabbatar da ita, a Jaji ta jihar Kaduna, kafin a ji ta a Magariya. Tara dubban kaji a rufi ɗaya bai taɓa zama kariya ba. Abin da ke share akurkin talaka shi ne ciwon Niyukasal, wanda kan zo da sanyi, ka ga kaza ta saki fukafukai, wuya ya murɗe, kafin mako akurki ya zama kango. Wannan kuwa yana da rigakafi mai arha, ɗigo a ido ko a ruwan sha. Sauran ƙa'idar kowace uwa ta san ta: kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane, yaro ya wanke hannu, sabuwar kazar kasuwa a ware ta kwanaki kafin ta shiga cikin sauran, wadda ta mutu da kanta a binne ta.

Masu kallon Turai a matsayin ma'aunin wayewa kuma, ga labari. Birnin Colmar na Faransa tun 2015 yake raba wa magidanta kaji bibbiyu kyauta, don su cinye ragowar abinci a rage shara. Abin da hukuma ke kashe kuɗi ta koya wa Bafaranshe, shi muke hana matanmu da suka tashi da shi tun suna 'yan mata.

Hujja ɗaya ce nake jin nauyinta, ta masu cewa baƙo ba ya kiwo. Tun Disambar 2014 ake kwasar 'yan Nijar a mayar da su ta Assamaka zuwa Agadas, kuma wanda aka tsinta a titi ba a ba shi damar komawa gida ya kama kaji. Gaskiya ne. Wanda ke kwana su goma a ɗaki ɗaya ma ba da shi nake ba. Amma akwai gidajen Hausawa da suka yi shekaru da yawa a garin, da 'ya'ya da jikoki. Kuma ko ga mai zaman ɗar-ɗar, a gaya mini wace kadara ce ta fi kaza saurin zama kuɗi? Firji ba ya sayuwa a yini ɗaya sai da faɗuwa. Kaza kuwa ko a ƙofar gida aka tsaya da ita, kafin la'asar ta sami mai saye, kuɗin magani ko na mota ya fito. Mace marar takardu ba ta da asusun banki; akurkin nan shi ne asusunta, kuma ba mai tambayarta katin zama kafin ta cire.

Inda ya kamata manyan gari su sa baki shi ne rigakafin. Kwalba ɗaya ta ɗaruruwan kaji ce, wata har dubu, kuma da an buɗe ta ba ta kwana, don haka mai kaza biyar ba za ta saya ita kaɗai ba. Shugabannin mazauna da matan da ke riƙe da adashi su ne za su iya: a tara kuɗi, a sayo a wurin likitan dabbobi, a ɗauko a cikin ƙanƙara, a sa rana guda a zagaya gidajen unguwa kafin sanyin Nuwamba ya sauka, a sake bayan wata huɗu.