Kafin a hana itace, a gyara murhun banda

A shekarar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa ƙa'ida a kan tukunyar dumama gida mai cin itace, irin wadda ake girkewa a tsakar gida tana turnuƙe maƙwabta da hayaƙi. Ba a bi mai gida da sanda ba. Maƙera da 'yan kasuwa aka riƙe, aka ba su wa'adi zuwa watan Mayun 2020, daga nan duk tukunyar da hayaƙinta ya haura ma'auni ba ta sayuwa.

Mu a Yawuri sanyi bai dame mu haka ba. Tamu tukunyar ita ce murhun bandar kifi. Duk wanda ya sauka bakin ruwa a Yelwa, ko ya bi ƙauyukan masunta na Ngaski da Shanga, ya ga yadda ake yi: rabin ganga, ragar waya a bisa, tarwaɗa a nannaɗe, ɗanyen itace yana ci a ƙasa. Rabin zafin iska ce ke kwashewa. Matar da ke juya kifin idonta jajur, ga goyo a baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Kirya kuwa, da kaɗanya, kullum sai an ƙara nisa kafin a same su.

Da zarar hukuma ta tuna da daji, sai ka ji an haramta sare itace da ƙona gawayi. Malaman daji su tare amalanke, su ƙwace gatari, farashin dami ya tashi, murhun nan kuma yana nan yana haɗiyar itace kamar jiya. Ina goyon bayan a tsare daji, ɗari bisa ɗari. Amma wa zai ce wa masunci ya bar kamunsa ya ruɓe? Tun 1968 madatsar Kainji ke ba ƙasa lantarki, alhali mutanen da suka tashi suka bar wa tafkin gonakinsu ba su da wutar da za ta riƙe musu ƙanƙara.

Maganin ba ya nesa. Tun 1969 matan Chorkor da ke Akara a Gana suke amfani da murhun laka mai faifan waya hawa-hawa, wuta ɗaya ta gasa kifi mai yawa da itace kaɗan. Cibiyar binciken kifi ta tarayya tana nan New Bussa, a bakin wannan tafki namu.

Gwamnatin Kebbi ta haɗa cibiyar da magina da maƙeran Yawuri, a fitar da murhu mai araha. Masarauta ta kira sarakunan ruwa, a gina na gwaji a kowace mashigar jirgi, mata su gwada da hannunsu, su faɗi inda ya gaza. In ya karɓu, sai a sa ranar da za a daina ƙera tsohon.