Sai kumatu ya kumbura muke tuna muna da haƙori

Jama'a, yau da haushi na zo, kuma haushin kaina na fara ji kafin na kowa.

Makonni uku da suka wuce na kwana a kan benci a asibiti saboda haƙori ɗaya tak. Ba nawa ba, na ƙanina. Turmin ƙasa ne na gefen hagu, ya yi kogo tun bara. In ya motsa masa sai ya je kyamis a haɗo masa ƙwayoyi, ya cusa kanumfari, ya lafa, shi ke nan an manta. Har wani abokinsa ya ba shi shawarar ɗiga ruwan batir, Allah ya taimaka bai ɗauka ba. Rannan aka wayi gari haɓarsa ta kumbura, kafin magariba kumburin ya gangaro wuya, baki ya ƙi buɗuwa, yawu ma ya gagara haɗiyewa. Likitan da ya karɓe mu bai ɓoye mana ba, ya ce irin wannan kumburin yana iya toshe hanyar numfashi. Sai da aka tsaga aka fitar da mugunya, aka cire haƙorin, ya yi kwana shida a kwance. Kuɗin da muka kashe, wallahi ya isa a duba bakin duk 'yan gidanmu na shekaru. Kuma wannan kogon, da a bara aka je, ciko kawai za a yi masa ya tashi ya koma shago.

To ga shi shekara ta zo ƙarshe, kowa ya zauna yana lissafi. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, buhun masara, kayan azumi, ɗinkin Sallah, ragon layya. Mai mota ya san watan da zai canza baƙin mai, mai babur ma haka. Ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya taɓa rubuta "duba haƙori" a cikin wannan lissafin? A wurinmu wanda ya je wajen likitan haƙori ba tare da ciwo ba, ɗan ƙaƙale ne, ko kuɗi ne suka yi masa yawa. Amma mutum zai je aikin Hajji ya dawo da haƙorin Makka yana walƙiya, na bayansa kuwa duk sun ruɓe, babu mai ganin abin mamaki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cire "tsutsar haƙori" a kasuwa da tasha. Ina faɗa da babbar murya, babu wata tsutsa a cikin haƙori. Wadda yake nuna maka a kan auduga, da ita ya zo. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zaune a cikin daɗin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Da zarar ka sa sukari a baki su ma sun samu abinci, sai su fitar da ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Yawu yana gyara ɓarnar, amma yana buƙatar lokaci. Shi ya sa yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa. Wanda ya sha shayi mai cokali huɗu da safe, ya sha lemon kwalba da hantsi, ya tsotsi alawa da azahar, ya koma teburin mai shayi bayan isha'i ya kwanta bai wanke baki ba, bai ba yawunsa damar yin komai ba. Da daddare kuma yawu raguwa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya kai wajen ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Ku ƙirga naku, ni da na ƙirga nawa kunya ta kama ni.

Na san abin da wasu za su ce: Malam, ana ta abinci kai kana ta haƙori. Na yarda rayuwa ta yi tsada, ni ma a nan nake saye. Amma talaka shi ne ya fi kowa buƙatar rigakafi, domin shi ne ba zai iya biyan kuɗin tiyata ba, shi ne kuma in ya kwanta kwana shida tukunyar gidansa za ta kwanta. Mafi yawan abin da ake buƙata ma ba ya cin kuɗi. Goge baki sau biyu a rana, minti biyu, na daren shi ne wanda bai kamata a tsallake ba. Man goge baki mai sinadarin fuloraid, a duba jikin kwalin. In an gama a tofar kawai, kada a bi da kurkura da ruwa, don maganin ya zauna a kan haƙori. Buroshi mai laushi, a canza shi duk wata uku, wato guda huɗu a shekara. Masu dirza da gawayi da toka da buroshi mai tauri kamar suna wanke tukunya, ɓawon haƙorinku kuke kankarewa, kuma ba ya sake tsirowa.

Asuwaki kuwa, kada wani ya ce na raina shi. Sunna ce, kuma yana aiki in an iya, a yanke bakin a sabunta, a bi kowane haƙori ciki da waje. Matsalar ita ce yawancinmu na gaba guda shida muke gogewa, sauran lokacin kuma taunawa kawai muke yi muna hira. A riƙe asuwaki da rana, a haɗa da buroshi da makilin safe da dare, ba sa faɗa da juna.

Maganar yara ta fi komai muhimmanci a wurina. Muna cewa ai haƙoran yarinta ne, za su yi famfara wasu su fito. To a wajen shekara 6 akwai turmi na dindindin da ke fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗauka na yarinta ne, su bar shi ya ruɓe, alhali shi ne yaron zai yi tauna da shi har tsufa. Yaro ƙasa da shekara 3, man goge baki kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, kuma babba ne zai tsaya a kansa. Sannan iyaye mata, don Allah a daina ɗora wa fitowar haƙori laifin zawo da zazzaɓi mai zafi ana ɗura wa jarirai haɗe-haɗe. Ba a manta da My Pikin ba, maganin haƙorin yara da ya gurɓata a 2008 ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan. In jariri yana zawo, asibiti za a kai shi.

Wanda yake ganin ciwon dasashi wasa ne, ya tambayi mutanen Sakkwato. Tun 1999 akwai asibiti guda a can na yaran da cutar noma ta ci wa fuska. Cutar tana farawa ne da kumburin dasashi a bakin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin kwanaki ta huda kumatu. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. In an gano da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci suna tsayar da ita. Nan ne nake da magana da gwamnatocinmu. Me zai hana ma'aikacin ƙaramin asibiti da ke yi wa yaro allurar rigakafi ya ɗaga leɓensa ya leƙa, aikin da bai kai minti ɗaya ba? Me ya sa mutumin ƙauye sai ya yi kuɗin mota zuwa babban birnin jiha kafin ya ga kujerar likitan haƙori? Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara a yi taron ranar lafiyar baki, a raba riguna, a ɗauki hoto, a watse. Ba wannan muke nema ba.

Saura masu cewa wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora girgiɗi da wushirya. Dattin da ya daskare ya zama dutse ne ake ɓamɓarewa, buroshi ba ya iya cire shi. Ramin da kake ji bayan an gama, dama yana nan, dutsen ne ya rufe shi yana cin dasashinka. In kana ganin jini duk sanda ka goge baki, ba ƙarfin hannu ba ne, alama ce. Mai ciwon suga da mai juna biyu su suka fi kowa buƙatar a duba su, kuma ciki ba ya hana zuwa wajen likitan haƙori, a dai sanar da shi.

Ni dai ga yadda na tsara wa gidana. Manya za mu je dubawa da wanki kafin azumi, don kada ciwo ya tashi ana tsaka da ibada mutum ya ce sai bayan Sallah. Yara a dogon hutun makaranta. Na ware ɗan abu duk wata a cikin adashen da uwargida ke yi, na sayo buroshi na shekara gaba ɗaya na ajiye a durowa, na kuma hana alawa bayan magariba, abin da ya jawo mini gaba da autata har yanzu.

Ƙanina ya ce zai bi mu. Likita ya ƙirga masa wasu kogunan guda biyu a gefen dama, bai taɓa jin ciwonsu ba ko sau ɗaya.