Wannan abin da ke shawagi a kan gidajenmu, na waye?

Jama'a, yau ba maganar kujera zan yi ba, maganar sararin sama ce. Duk mai zuwa biki ko taron siyasa a Bagwai, Kiyawa, Gadanya ko Rimin Dako ya san ƙaramin jirgi mara matuƙi, wanda samari ke kira diron. Da ya tashi yara su bi shi da ihu, manya su ɗaga masa hannu. Tambayata ɗaya ce: idan irin wannan jirgin ya tsaya a saman gidanka da magariba, babu biki babu taro, wa za ka tambaya na waye? Mai unguwa bai sani ba. Dagaci bai sani ba. Ka je ofishin 'yan sanda, su ma ɗaga kai za su yi kamar yadda ka ɗaga.

Mu mutane ne masu zaure. Baƙo ba ya wuce zaure sai da sallama da izinin maigida, har a jikin bango mukan rubuta ba shiga. Ga wani abu ya zo wanda bai san katanga ba, yana kallon tsakar gida, yana ganin iyali, yana ƙirga shanu a turke da buhuna a bakin rumbu. A ƙasa irin tamu, inda gida ke jingine da gida, gona ke manne da gona, tashi ɗaya ya isa a ɗauki hoton rabin gari.

Da can wannan batun mutunci ne kawai. Yanzu ya zama batun rai. A ƙarshen 2025 'yan bindiga daga ɓangaren Katsina suka riƙa afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kuma Shanono maƙwabciyarmu ce, ɗan majalisar wakilai ɗaya muke turawa Abuja da su. A Borno kuwa, a Disambar 2024 mayaƙan ISWAP suka kai wa sojoji hari a Wajiroko da ƙananan jiragen da suka ɗaura wa abin fashewa. Wata guda bayan haka rundunar Haɗin Kai ta hana tashin irin waɗannan jirage a yankin arewa maso gabas. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da za ka yi da naka.

To me hukuma ta tanada? Tun a watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ce ba wanda zai tashi jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sharuɗɗan da aka gindaya wa mai son yin sana'a da shi a lokacin sun haɗa da kamfani mai jarin naira miliyan 20 da kuɗin neman izini naira 500,000. A 2023 aka sabunta kundin dokokin hukumar, aka ware wa waɗannan jirage sashe na 21. Takarda kam akwai ta, ba a magana.

Amma don Allah ku faɗa mini, yaron da ya tara kuɗin ɗaukar hoton biki ya sayi ɗan jirginsa, ina zai ga miliyan 20? Wa ya sani a Abuja? Abu biyu zai yi: ko ya haƙura da sana'ar, ko ya tashi abinsa a ɓoye. Ɗan bindiga kuwa ko a mafarki ba zai cike fom ba. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki. An tsaurara wa mai neman halak, an bar mugu yana shawagi, sannan a ƙasa babu wanda zai iya bambance su, domin izinin yana cikin fayil, jirgin kuma yana sama.

Wasu ƙasashe sun gano bakin zaren. A Amurka, hukumar FAA ta fitar da doka a Janairun 2021, wadda ta fara hawa kan masu tuƙi daga 16 ga Satumban 2023: duk jirgin da ya wajaba a yi wa rajista, wato wanda ya haura giram 250 ko wanda ake sana'a da shi, dole ya riƙa shelar kansa yana cikin tafiya. Yana watsa lambarsa, da inda yake, da tsayin da ya yi, da gudunsa, da wurin da mai sarrafa shi yake, ta hanyar Wi-Fi ko Bluetooth. Wayar hannu da ke kusa tana iya kama saƙon. Tsohon jirgin da ba a ƙera shi da wannan ba, sai a manna masa wata 'yar na'ura. Japan ta fara nata a Yunin 2022, Tarayyar Turai kuma daga 1 ga Janairun 2024. A taƙaice, lambar mota ce aka liƙa wa jirgi, sai dai wannan da waya ake karanta ta.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: ai ɓarawo zai cire na'urar. Ƙwarai zai cire. Ɓarayin mota ma suna cire lamba, amma wa ya taɓa cewa a daina yi wa motoci lamba? Amfaninta shi ne ranar da kowa ke da ita, wanda ba shi da ita ya fita daban. Yau kowane jirgi shiru yake, shi ya sa kowanne abin tsoro ne. Ranar da na mai hoto, da na mai feshin maganin shinkafa a noman ranin Watari, da na injiniya mai auna hanya duk suke faɗin lambarsu, wanda ya zo shiru ya tona kansa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Su ma jiragen gwamnati da sauran magana. Ba mu manta da Tudun Biri ba. Ranar 3 ga Disambar 2023 jirgi mara matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi ta Kaduna, hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85. Da farko rundunar sojin sama ta ce ba nata ba ne, daga baya sojin ƙasa suka amsa. Ban ce soja ya riƙa shelanta wa abokan gaba inda jirginsa yake ba. Amma jirgin sintiri da jiha ko ƙaramar hukuma ko 'yan sa-kai za su mallaka, dole a san shi, a san wanda zai amsa tambaya idan ya yi ɓarna.

Kada kuma a ce ina gaba da fasaha. Tun 2022 kamfanin Zipline ke kai magani da jini asibitocin karkarar Kaduna da irin waɗannan jirage. Mai naƙuda a Wuro Bagga ko Sare-Sare ta cancanci haka. Sai dai ranar da tsoro ya sa mutane suka fara jifan duk abin da ya gifta, har mai ɗauke da jini ba zai tsira ba.

Harkar jiragen sama ta gwamnatin tarayya ce a tsarin mulki, don haka ƙorafin nan Abuja zai nufa. Sanatan Kano ta Arewa, Barau Jibrin, shi ne mataimakin shugaban majalisar dattawa, muna kuma da wakilin Bagwai da Shanono. Ga abin da za mu ɗora musu, su kai wa ministan jiragen sama Festus Keyamo da hukumar NCAA.

Na farko, rajistar ƙaramin jirgi ta zama mai araha, a yi ta a waya ko a Kano, da Hausa. Na biyu, kada jirgin da ya haura giram 250 ya shigo kasuwa sai yana shelar lambarsa. Na uku, a ba ofishin 'yan sanda na kowace ƙaramar hukumar kan iyaka abin karanta lambar, a koya wa hakimai da dagatai. Na huɗu, jama'a su ga lamba kawai. Suna da wurin da mai tuƙi yake su tsaya a hannun hukuma, kada mu kwafo na Amurka ido rufe mu nuna wa masu garkuwa inda yaronmu yake tsaye. Na biyar, a haramta shawagi kan gidajen mutane ba da izininsu ba, kuma dokar ta hau kan kowa. Zaɓen 2027 na tafe, ba ma son ranar da za a ƙwace jirgin mai hoton wani ɓangare da sunan tsaro, na ɗaya ɓangaren yana yawo.

Mu mutanen Bagwai mun san doka mai zuwa bayan jana'iza. Sai da kwale-kwale ya kife a ruwan Watari ranar 30 ga Nuwamban 2021, muka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, sannan aka tuna da maganar lodi da rigar ruwa. Allah Ya jiƙansu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, daga namu har na wasu, ku nuna masa jirgin da ke ɗaukar hoton taronsa ku tambaye shi lambarsa.