Layin Dogo A Kan Ƙyaure: Wasa Ko Tarihi?

Gabatarwa

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar gwangwani. Mun ƙera su muna yara, mun ja su a lungu, har mu yi gardama a kan wadda ta fi kama da ta gaske. To a ƙasashen Turai akwai dattawa masu furfura da ba su daina irin wannan ƙira ba, sai dai su jirgin ƙasa suke ƙerawa, ɗan mitsitsi mai tafiya da lantarki a kan tebur, da tasharsa da gadojinsa da itatuwansa. Ni ma wannan sha’awa ta kama ni, har na samo wani tsohon ƙyaure na katako zan shimfiɗa nawa layin a kai. Wani abokina da ya tarar da ni ina awo ya ce, “Malam, kai da girmanka ka koma wasan yara?” Amsar da ban samu sukunin ba shi ba a ranar ita ce zan bayar a nan. A nawa ra’ayin, wanda ya zauna tsara samfurin wani layi na gaske, tarihi yake rubutawa da kwali da waya, don haka wajibi ne ya kiyaye gaskiya kamar kowane marubucin tarihi.

Layin Da Na Zaɓa

Na zaɓi wani ɗan layi a yankin Wales na Birtaniya, wanda ya haɗa garin Welshpool da Llanfair Caereinion. An buɗe shi a 1903 domin manoma, tsawonsa kimanin mil 8 da rabi, faɗin dogonsa kuwa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal. Ya daina ɗaukar fasinja a 1931, aka rufe shi gaba ɗaya a 1956. Amma wasu masu kishi suka ƙi bari ya mutu. Suka haɗa kuɗi da ƙarfi a matsayin ’yan sa-kai, suka sake buɗe wani sashe a 1963, a 1981 kuma suka dawo da jirgi har bakin garin Welshpool. Kawunan jirgi biyu masu aiki da kwal da aka ƙera wa layin a 1902 suna hannunsu har yanzu.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa Bahaushe da Wales? Abin da ya ja ni shi ne, bayan an rufe layin dogon ƙasar Saliyo a 1974, waɗannan ’yan sa-kai sun sayo kan jirgi mai lamba 85, ƙirar kamfanin Hunslet ta 1954, tare da wasu taragu, suka kai su Wales a 1975. Wato jirgin Afirka ta Yamma ne ya sami mafaka a can.

Awo Kafin Yanka

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da mai wannan aiki zai yi shi ne lissafi. Ma’aunin da aka saba amfani da shi a Birtaniya wajen irin waɗannan ƙananan layuka shi ne kashi 1 cikin 76, wato milimita 4 a madadin ƙafa ɗaya. Da na buga lissafi sai na ga idan har zan ƙera layin duka, ina bukatar fili mai tsawon mita 180, kusan filin ƙwallo biyu. Ƙyaurena kuwa mita 2 ne, abin da zai ɗauka bai wuce mita 152 na ainihin ƙasa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Dole na haƙura da gadar kogin Banwy, na haƙura da hawan tudun Golfa, na tsaya a kan tasha guda, ta Llanfair, inda layin ya ƙare, kan jirgi ke rabuwa da taragu ya zagayo ya kama su ta ɗaya ɓangaren. Ko ita ma sai na rage tsawon dandamalinta, taragu uku kawai zai ɗauka.

Akwai kuma wata ’yar matsala. Dogon da ake sayarwa na wannan ma’auni faɗinsa milimita 9 ne, alhali lissafin ƙafa 2 da inci 6 milimita 10 zai ba ka. Na amince da wannan giɓi na milimita ɗaya don ba ni da yadda zan yi, amma zan rubuta shi a jikin allon domin mai kallo ya sani. Ragewa don ƙarancin wuri halas ce, muddin ka faɗa.

Wace Shekara?

Nan ne ake gane mai gaskiya. Layin da aka adana rayuwa biyu gare shi: zamanin da yake jigilar kwal da dabbobi, da zamanin da ya koma ɗaukar ’yan yawon buɗe ido. A rayuwarsa ta farko jirgin yana ratsa cikin garin Welshpool ta bayan gidajen mutane, kuma wannan sashe an daina amfani da shi tun 1963. Ke nan duk wanda ya ƙera jirgin Saliyo yana ratsa waɗannan lunguna ya shara ƙarya, domin shekara 12 ce tsakanin rufe sashen da isowar jirgin. Wasu masu wannan sha’awa na cewa tebur naka ne, ka ɗora abin da ka ga dama. Ban musa ba, idan garin da ka ƙera na cikin kanka ne. Amma da zarar ka liƙa masa sunan wuri na gaske, yaron da ya zo kallo zai tafi da abin da ya gani a matsayin gaskiya. Saboda haka na tsayar da shekarun 1980, lokacin da baƙon nan na Saliyo yana layin.

Ina Namu?

Abokin nawa ya kuma tambaye ni dalilin da ya sa ban ƙera na gida ba, kuma tambayar ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Mu ma mun taɓa samun layi mai wannan faɗin daidai, wanda Turawa suka kira ƙaramin layin Bauci, ko da yake bai taɓa shiga garin Bauci ba. Ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau Jos har Bukuru, kimanin mil 143, an gina shi tsakanin 1912 da 1914 domin kwasar kuza. An rufe shi a 1957, shekara ɗaya tal bayan na Wales. Su sun tashi nasu, mu kuwa aka ɗebe namu. Na Wales akwai hotuna da taswirori da awon kowane gini, wanda ya je ma zai hau jirgin. Namu sai ’yan ragowar ƙarafa da hotuna jefi-jefi. Ba ka iya auna abin da ba a ajiye ba, shi ya sa na fara koyon hannu a inda akwai abin aunawa.

Kammalawa

Yaron da ya hau jirgin Zariya zuwa Jos yana ɗan shekara 10 a 1957, yau ya doshi 80. Irinsu ne kaɗai za su iya gaya mana inda tasha take, da abin da ake talla a bakinta, da sunan da mutane ke kiran jirgin, da waƙoƙin da leburori ke yi. Wannan aikinmu ne mu ɗaliban Hausa, tunda an koya mana yadda ake tattara adabin baka. Ina kira ga ’yan’uwana da suka fito daga Zariya da Lere da Jos, idan an tafi hutu a nemi waɗannan dattawa da rikoda da littafi, a zana abin da suka kwatanta. Ni dai na yi alkawari, in Allah Ya yarda, ƙyaure na biyu na tashar Rahama ne, amma ba zan kafa ƙusa ko ɗaya ba sai na sami shaidar da zan dogara da ita. Allah Ya sa mu dace, amin.