Tatsuniya Ma Iri Ce, Mu Ajiye Ta

'Yan'uwa manoma na Mairuwa da kewaye, kowa a cikinmu ya san manomin kirki ba ya cinye irinsa. Komai tsananin yunwa, yakan ware dami ɗaya ya rataye domin damina mai zuwa. Yau muna so mu yi magana a kan wani iri da muke bari yana lalacewa, wato tatsuniyoyin tsofaffinmu. Bari mu fara da labarin wani fasto Bajamushe.

Sunansa Jakob Friedrich Schön, amma mu ce masa Fasto Shon. An haife shi a ƙasar Jamus. Ya yi karatun aikin bishara a Basel, sa'an nan ƙungiyar C.M.S. ta aike shi Saliyo a 1832. A can ya sadu da Hausawa waɗanda aka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi, ya fara koyon Hausa daga bakinsu. A 1841 ya hau kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a wannan tafiya, suka juya ba su kai ƙasar Hausa ba. Daga baya rashin lafiya ya mai da shi Ingila, ya zama faston wani asibiti a garin Chatham. Har ya rasu a 1889 bai taɓa ganin Katsina ko Kano ba.

To, yaya mutumin da bai ga ƙasarmu ba ya rubuta tatsuniyoyinmu? Ga yadda aka yi. A 1855 matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya isa Ingila da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga Dambanas, wajen Kance a ƙasar Nijar ta yanzu. An kama shi bawa tun yana yaro, daga baya aka 'yanta shi. Fasto Shon ya ɗauke shi a gidansa. Yaron yana faɗi, dattijon yana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyin da ya ji a gida kafin a raba shi da iyayensa. Da taimakonsa Shon ya juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ya buga nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. A 1885 ya fitar da littafin Magana Hausa. Dorugu kuwa ya komo, ya rasu a Kano a 1912.

Ba mu ce aikin ba shi da aibu ba. Masanan da suka biyo baya sun gyara Hausar Shon a wurare da dama. Kuma sunan faston ne a bangon littafin, alhali maganar ta Dorugu ce. Duk da haka, abin da yaro ɗaya ya riƙe a kansa yana nan har yau, gama an sami wanda ya zauna ya saurare shi da alƙalami a hannu.

Yanzu mu dubi kanmu. A shekarun nan 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Kankara. Ba mu manta da Disamba ta 2020 ba, lokacin da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Kankara. Iyalai da yawa sun bar gonakinsu. Kaka tana Funtua, jikoki suna wani gari. Dandalin da yara suke taruwa a farin wata ya yi shiru. In tsohuwa ta rasu a gudun hijira, Gizo da Ƙoƙi nata sukan bi ta kabari, tare da sunayen tsofaffin irin dawa, da alamun ruwa, da labarin wanda ya sari garin.

Wani zai ce, "Muna fama da tsadar taki da rashin tsaro, ku kuna zancen Gizo?" Gaskiya ne, tatsuniya ba ta cika rumbu. Amma a cikinta muka fara koyon cewa mai haɗama yakan ƙare da kunya, kuma wanda ya ci amanar abokin gayya ba ya samun mai taya shi noma baɗi. Ashe ba a kan wannan ƙungiyar gama kai take tsaye ba? Yaron da aka raba da gonar ubansa, kada kuma a raba shi da maganar kakarsa.

Saboda haka ga shawararmu. Bayan kaka, kowace ƙungiya ta sayi littafin rubutu guda biyu. Kuɗinsu bai kai na tiyar masara kaɗan ba. Sakatare ya zaɓi ɗan makaranta mai kyan rubutu, matan zumunta kuma su nuna tsofaffin da suka iya. A je wurin maƙwabtanmu Musulmi ma, gama tatsuniyar tamu ce duka. A rubuta yadda mai faɗi ya faɗa, da Hausar garinsa, kada a gyara masa. Mai waya ya ɗauki muryar. A sa sunan mai faɗi a sama, da ƙauyensa, da ranar, domin kada mu maimaita abin da aka yi wa Dorugu. An saba ba a yin tatsuniya da rana, amma inda fita da dare yake da hatsari, a roƙi tsofaffi su yi haƙuri. Littafi ɗaya ya zauna wurin sakatare, ɗayan a kai wani gari, domin mun ga yadda wuta take cin gida.

Fasto Shon ya yi nasa daga nesa, da bakin yaro ɗaya. Mu kuwa tsofaffin suna zaune a zaurukanmu. A taron wata mai zuwa, kowace ƙungiya ta sa wannan magana cikin abin da za a tattauna. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.