A Bar Wa Kwamfuta Agogonta, A Bar Wa Mutane Ranarsu

Wasu masana, irin su Steve Hanke da Richard Henry na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, sun daɗe suna kiran a soke bambancin lokaci tsakanin ƙasashe, duniya ta koma kan agogo ɗaya, wato UTC. Abin takaici, a cikinmu masu rubuta manhaja ne wannan kira ya fi samun 'yan amshi.

Mun san dalili. Mu ke kwana gyaran manhaja idan wata gwamnati ta sauya agogonta, kamar yadda Sudan ta yi a 2017. Mu ke fama da rabin awar Indiya da minti 45 na Nepal. To amma ai mun riga mun sami magani: na'ura ta ajiye lokaci da UTC, ta nuna wa kowa da agogon garinsu. Matuƙa jirgin sama ma da UTC suke aiki. Wahalar da ta rage tamu ce, kuma a kanta ake biyanmu albashi. Don me za mu sauke kayanmu a kan biliyoyin mutane?

Ɗan kasuwar Kano da zai kira abokin cinikinsa a Guangzhou da ƙarfe 8 na dare, waya za ta nuna masa ƙarfe 3 ne a can, sai ya haƙura don ya san mutumin yana barci. Da agogo ɗaya, ƙarfe 19:00 ne ga su biyun, kuma lambar ba ta faɗa masa komai. Dole ya nemi jadawalin da zai nuna lokacin da mutanen can ke tashi. An kori bambancin lokaci ta ƙofa ke nan, ya dawo ta taga.

An ma gwada. Duk faɗin ƙasar Sin, da agogon Beijing take aiki. A Kashgar, can yamma, rana ba ta fitowa da hunturu sai wajen ƙarfe 10. Me 'yan ƙabilar Uygur suka yi? Suka riƙe nasu agogon, awa 2 a baya. Gari ɗaya, agogo biyu.

Ga kuma batun kwanan wata. A New Zealand da hunturu, sha biyun daren UTC na faɗowa ne da tsakar rana. Musulmin can zai yi wankan Juma'a ranar Alhamis, ya ji huɗuba ranar Juma'a. Ma'aikaci zai fita aiki ran 30, ya dawo ran 1.

Kada mu ruɗu don awa ɗaya kacal ke tsakanin Najeriya da Nijar da UTC, Gana kuwa ba ko minti. Sa'a ce kawai ta ajiye mu kusa da layin Greenwich da aka zaɓa a taron Washington na 1884. Wanda bai ji zafin wuta ba ai bai kamata ya ce a ƙara itace ba.

Azahar ba ta taɓa tambayar Landan kafin ta shiga ba. Mu gyara manhajojinmu, mu ƙyale mutane da hantsinsu da la'asarinsu.