A Ƙirga Filayen Wasanmu Tun Ba Su Ƙare Ba

Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin in yi magana a kan wani abu da muke gani kullum amma ba mu cika kula da shi ba, watau filayen wasa da wuraren shaƙatawa na garinmu Kano.

A bayan gidanmu dā akwai wani fili. Ba wani babba ba ne, tsawonsa bai fi taki tamanin ba. A nan yayyena suka koyi tamaula, a nan ni ma na fara gudu ba takalmi. Da la'asar samari ke cika shi, bayan isha'i kuwa, in da farin wata, 'yan mata su yi gaɗa a gefe guda, yara maza su yi langa a ɗaya gefen. Ran nan muka dawo hutun ƙarshen shekara sai muka tarar an zube yashi da bulo a tsakiyarsa. Kafin hutu ya ƙare shaguna sun tsaya. Muka tambayi manyan unguwa. Wani ya ce filin gwamnati ne, wani ya ce na gado ne, wani kuma ya rantse tun asali an ware shi ne domin makaranta. Ba wanda ya iya fito da takarda. Ni ba na zargin kowa, mai ginin ma wataƙila da guminsa ya saya. Abin da ya dame ni shi ne unguwa guda ta yi shekaru tana amfani da fili, amma babu mutum ɗaya a cikinta da ya san matsayinsa.

Daga wannan rana na ɗauki ra'ayin da nake so in bayyana muku. Ya kamata a ƙirga dukkan filayen wasa da lambunan shaƙatawa na kowace ƙaramar hukuma, a auna su, a rubuta su a littafi guda, a kuma ajiye littafin inda kowa zai iya dubawa. Makiyayin da bai san yawan shanunsa ba, ai ba zai san ranar da kura ta ɗauke maraƙi ba.

Kada wani ya ce wannan mafarkin yaro ne, domin an taɓa yin irin wannan aiki a wani wuri. A ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wata gunduma mai suna Los Anjeles. Mutanenta sun kai kimanin miliyan 10, kuma akwai birane 88 a cikinta. A shekarar 2015 majalisar gundumar ta ba da umarni a ƙirga wuraren shaƙatawarta duka. Aka raba gundumar shiyya 188. Ma'aikata suka bi wurare fiye da 3,000 suna rubuta abin da ke cikin kowanne: filin ƙwallo, wurin lilon yara, wurin ninƙaya, makewayi, da sauransu. Kowane abu aka rubuta halin da yake ciki, mai kyau ne, ko dama-dama, ko ya lalace. Sa'an nan aka kira tarurruka a unguwanni, mutane suka faɗi abin da suka fi bukata da bakinsu.

Da rahoton ya fito a 2016 sai ya nuna cewa kowane mutum 1,000 na gundumar yana da eka 3.3 ta wurin shaƙatawa, watau kusan filin ƙwallo biyu ke nan. Ya kuma nuna kashi 49 cikin 100 ne kawai na jama'a ke zaune a cikin tazarar rabin mil daga irin wannan wuri, tafiyar da ba ta wuce minti goma ba a ƙafa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne rabon bai zo daidai ba. Wasu unguwanni suna da filaye har sun yi musu yawa, wasu kuwa, musamman na talakawa inda jama'a ta cunkushe, ba su da abin a zo a gani. A watan Nuwamba na wannan shekara aka tambayi masu zaɓe ko sun yarda a ɗora ɗan haraji a kan gine-gine domin kula da waɗannan wurare. Kimanin kashi 75 cikin 100 suka amince. Mutum ba ya son haraji ko a ina yake, amma da aka nuna musu lissafi a fili sai suka yarda, domin gani ya kori ji.

To, mu dawo gida. Kano ba matalauciya ba ce a wannan fanni, in muka duba abin da magabata suka bar mana. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka gina gidan namun daji da ke ɗauke da sunansa, inda yara ke tururuwa a kowace salla. A zamaninsa kuma aka yi madatsun ruwa na Tiga da Bagauda. Muna da Filin Sukuwa, da Filin Mahaha, da filin wasa na Sabon Gari. Muna da filin wasa na Sani Abaca a Ƙofar Mata, inda aka buga wasu daga cikin wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ga kuma Dala da Gwauron Dutse, waɗanda Allah ya ajiye mana ba da kuɗin kowa ba. Garin nan ne ya fitar da ƙungiyar Raccah Rovers da ta zama zakarar Nijeriya a 1978, da Kano Pillars da ta ɗauki kambun a 2008, 2012, 2013 da 2014.

Amma ina so mai karatu ya lura da abu guda. Duk wuraren da na lissafa manya ne, kowa ya san sunansu. Yaro ɗan shekara takwas da ke can cikin lungu a Kurna ko Ɗorayi ko Brigade ba zai je Ƙofar Mata kullum da la'asar ba. Filin da ya shafe shi shi ne wanda zai isa da ƙafa, ya yi wasa, ya dawo kafin magariba. Waɗannan ƙananan filaye kuwa su ne ba su da suna, ba su da shinge, ba su da mai tsaya musu. Su ne ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ji ɗuriyarsu ba. 'Yan wasan da muke alfahari da su, mafi yawansu a irin waɗannan filaye masu ƙura suka fara.

Hatta manyan filayen ma ba su tsira daga rigima ba. A shekarar 2023 an rushe wasu gine-gine da aka yi a Filin Sukuwa da Filin Idi, maganar har ta kai gaban kotu. Ba aikina ba ne in ce wane ne da gaskiya, wannan na manya ne da alƙalai. Darasin da na ɗauka shi ne rushe gini bayan an kashe dukiya a kansa asara ce ga kowa. Da tun farko iyakar kowane fili a rubuce take, kowa ya san ta, da wuya mutum ya zuba kuɗinsa a inda bai kamata ba. Rigakafi ya fi magani.

Wa ke da alhakin wannan aiki? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa ginawa da kula da lambunan shaƙatawa da filayen jama'a a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuwa ta sa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Ashe ke nan nauyin yana kan su biyun. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, takwas daga cikinsu su ne suka haɗu suka zama birnin: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum sama da miliyan 9, kuma kowa ya ga yadda gari ya faɗaɗa tun daga lokacin. Jama'a na ƙaruwa kullum, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Filin da aka gine a yau, jikokinmu ma ba za su sake ganinsa ba.

Na san wasu iyaye za su ce wasa ɓata lokaci ne, gara yaro ya zauna ya yi karatu. Ina ganin girmanku, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma ku tuna ku ma dandali ne ya raine ku. A can kuka koyi kokawa da dara da carafke, kuka koyi haƙuri in an kayar da ku, da bin doka ko ba alƙali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Yaron da aka hana fili ba zai daina wasa ba. Zai koma bakin titi ne yana tsere da masu babur, ko ya tafi kududdufi, inda kusan kowace damina mukan ji labarin wani ya nutse. Ko kuwa ya wuni a ɗaki da waya a hannu, ku ma ba ku san abin da yake kallo ba.

Wasu kuma za su ce filaye matattarar 'yan daba ne da masu shaye-shaye. Akwai gaskiya a ciki. Amma in kun lura, filin da aka watsar, ciyawa ta rufe shi, aka mai da shi juji, ba fitila, shi ne suke so. Filin da ake wasa a cikinsa kullum, dattawa na zaune a gefe ƙarƙashin darbejiya, ɓata-gari ba ya jin daɗin zama a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani abokina ya kawo mini wata hujja da ta sa na yi tunani. Ya ce in ka rubuta filaye a littafi, ai ka nuna wa masu haɗama inda za su dosa. Na ce masa masu neman fili sun riga sun san inda kowanne yake, domin sana'arsu ce. Mu jama'a ne ba mu sani ba. Littafin zai daidaita mu da su ne kawai.

Akwai kuma masu cewa mu ba Amurka ba ne, ba mu da kuɗinsu. Haka ne. Amma ƙirga ba ta bukatar dala. Abin da take bukata shi ne ƙafa da alƙalami da littafin rubutu, kuma mu ɗalibai muna da su duka. Ga shawarata. A hutu mai zuwa, ƙungiyar labarin ƙasa ta makarantarmu ta raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki mazaɓarsa. Mu fara gaida mai unguwa mu nemi izininsa. A kowane fili mu amsa tambayoyi biyar. Ina yake? Mene ne tsawonsa da faɗinsa, in an gwada da cikakken filin ƙwallo mai mita 105 da 68? Wa ake cewa ya mallake shi? Me ke cikinsa, kamar raga, ko inuwa, ko famfo, ko makewayi, kuma a wane hali suke? Su wa ke amfani da shi, kuma da wane lokaci?

Wannan tambaya ta ƙarshe kada a raina ta. In muka yi ta da gaskiya, ina tsammani za mu tarar kusan duk filayen samari ne suka mallake su. Ina ƙannenmu mata za su yi wasa cikin sutura da natsuwa? Ina guragu masu ƙwallon kan allo za su yi nasu? Ina tsoho zai zauna ya sha iska? Kada kuma mu manta da filayen makarantun firamare, domin a unguwanni da yawa su kaɗai suka rage, ga shi ana ta cinye su da sababbin azuzuwa.

In mun gama, malamanmu na lissafi da labarin ƙasa su duba aikin, a zana taswira. Ƙungiyar iyaye da malamai ta kai kwafe ga hakimi da kansila da shugaban ƙaramar hukuma, a ajiye ɗaya a laburaren makaranta. Bayan shekara biyu 'yan ajin da ke bayanmu su sake zagawa, a ga abin da ya ƙaru da abin da ya ragu. In wasu makarantu suka yi koyi da mu, ba da jimawa ba birnin duka zai shiga littafi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lalle ƙirga kaɗai ba ta dasa bishiya, ba ta kafa raga. Amma ranar da aka zube yashi a wani fili, mutanen unguwa za su sami abin nunawa, ba kamar mu da muka tsaya muna kallon juna ba. Filin bayan gidanmu ya riga ya tafi. Ƙanena yanzu a kan kwalta yake buga ƙwallo, duk sa'ad da mota ta taho sai a ɗauke duwatsun raga. Ina roƙon iyayenmu su ba mu izini da goyon baya, ina kuma roƙon 'yan'uwana ɗalibai mu ba da mako ɗaya daga cikin hutunmu domin wannan aiki.

Allah ya sa mu dace. Haza wassalam.